Zuwa ga 'yata: ki zana kafin ki lissafa

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa, ya karatu? Mamanki ta gaya mini kin faɗi gwajin fiziks har da kuka. Share hawayenki. Na duba tambayar, na kuma ga inda kika zame.

An ce mutum ya yi kilomita 3 gabas, ya karya kwana ya yi 4 arewa. Kika haɗa, kika rubuta 7. Da abin da ƙafarsa ta taka aka tambaya, da kin ci. Gusawarsa aka nema: daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya, a miƙe, kamar magini ya ja igiya tsakani, tare da ambaton wajen da ta nufa. Duk abin da ke da girma da alkibla haka, shi ne bekta, kuma ba a tara shi kamar kuɗin cefane.

Kin tuna labarin sa'ayi da kakarki ta ba mu? Sawu bakwai tsakanin Safa da Marwa, huɗu zuwa, uku dawowa. Ƙafarta ta ci sama da kilomita 3, amma a Safa ta fara, a Marwa ta ƙare, kimanin mita 450. Zuwa uku da dawowa uku sun cinye juna, saura ɗaya. Ladanta na nan cif wurin Allah. Fiziks dai iya abin da yake aunawa ke nan.

To, ɗauko rula da fensir. Bari santimita ɗaya ta tsaya a madadin kilomita ɗaya. Ja kibiya ta 3 zuwa gabas. A kan tsininta ki ɗora gindin ta biyu, ki ja 4 zuwa arewa. Yanzu haɗa gindin ta farko da tsinin ta ƙarshe, ki auna. Za ki sami 5. Abin da ƙa'idar Fitagoras ta ce ke nan: 3 sau 3 (9) da 4 sau 4 (16) sun ba da 25, wato 5 sau 5. Kada ki tsaya nan, ki rubuta alkiblar: kimanin digiri 53 daga gabas zuwa arewa. Nan ne ɗalibai ke zubar da maki, kuma yana ba ni takaici, don sun riga sun gama mai wuyar.

Ki kula, wannan ƙa'ida sai kibiyoyin sun haɗu a digiri 90. In ɗaya ta karkace, raba ta gida biyu: na gabas ko yamma, da na arewa ko kudu. Kilomita 10 a digiri 30 daga gabas zuwa arewa daidai take da 8.7 gabas da 5 arewa. Sai ki tara na gabas wuri guda kina ɗebe na yamma, haka arewa da kudu.

Ga aiki: 10 gabas, 12 arewa, 5 yamma. Ki ɗauki hoton zanen ki turo ta wayar mamanki kafin Juma'a. Zanen nake son gani, ba amsar kaɗai ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki