Ɗana ba ya barci saboda ciwon haƙori, ni kuma ina tsoron man goge baki

Assalamu alaikum Likita. Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Ni uwa ce mai yara biyu a Tudun Wada, Kaduna: babban shekararsa 5, ƙanwarsa 2.

Bara wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp, wai sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki guba ne. Hankalina ya tashi, na kwashe man na zubar, na koma goge musu baki da buroshi da ruwa zalla. Alawa kuwa ban hana ba, kuma yaron ba ya kwanciya sai ya sha shayi mai sukari.

Yanzu mataunansa biyu na ƙasa sun yi kogo, baƙi ƙirin. Ranar Talata da tsakar dare ya farka dafe da kunci yana kuka, ko ruwa ya kasa kurɓa. Surukata Hajiya ta danna masa kanumfari, ta ce tsutsa ce, ai zai yi famfara ya huta.

Likitan haƙori da muka gani ya ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke zaizaye haƙori, fuloraid kuma shi ke ƙarfafa haƙorin. Ya ce waɗannan mataunan ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Tun da na ji haka nake ganin ni na jawo masa.

Ya ce a goge sau biyu kullum da man goge baki mai fuloraid, na babban kamar ƙwayar wake, na ƙaramar kamar ƙwayar shinkafa, su tofar, kada su kurkure baki.

To Likita, yarinyar ba ta iya tofarwa ba, haɗiyewa take yi. Na ji yawan haɗiyar kan bar farin tabo a haƙoran da za su fito, ga shi ruwan burtsatse muke sha, ban san ko shi ma yana da fuloraid ba. In ci gaba da sa mata? A kemis na ga wani man an rubuta 1450 ppm (wato yawan fuloraid da ke cikinsa), na yara kuma 500 ppm. Wanne ya dace da su? Kogon da ya riga ya yi fa, man zai tsayar da shi ko sai an cike?

Sannan ta yaya zan fahimtar da Hajiya ba tare da ta ga na raina ta ba? Ita ke riƙe su idan na tafi aiki.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Maman yara biyu, Tudun Wada