Rahoton ayyukan shekara zuwa ga mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Taron wata-wata an yi su duka, fuskokin dai su ne na kullum.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar 17 ga Satumba, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don kare majiyyata daga cutarwa a asibiti. Ɗaki ya cika maƙil har wasu suka tsaya a baya. Mun ɗauko takardar nan ta Hukumar mai tambayoyi 19 da ma'aikata ke bi mataki-mataki a ɗakin tiyata don kauce wa kuskure, wadda gwajinta a asibitoci 8 da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, sai muka ajiye binciken Ontario ta Kanada na 2014 a gefenta, inda aka wajabta takardar wa asibitoci amma ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba. Nan fa muhawara ta kaure. Wata nas ta ɗakin tiyata ta miƙe ta ce ita da idonta ta sha ganin ana cike takardar bayan an gama ɗinke mara lafiya, a sa hannu a cusa cikin fayil. To ta yaya za ka ce tsari bai yi aiki ba alhali ba a bi shi ba? Wallahi ranar kowa ya ƙaru.

Maganar binciken wanke hannu da ake ta tambaya a guruf, eh bai kammala ba, kuma ga dalili. Sai an ƙirga yadda abu yake na 'yan watanni kafin a kawo gyara, sannan a samu wani wod (ɗakin kwantar da marasa lafiya) da ba a yi wa gyaran ba a kwatanta da shi, kuma mai sa ido ya riƙa zuwa ba sanarwa don ma'aikaci in ya san ana kallonsa gyara hali yake. Waɗanda suka ɗauki zagayen dare ba su zo ba, ƙidayar rana kaɗai kuma ba za mu fitar da ita a matsayin sakamako ba. Fom ma ba mu iya bugawa ba saboda kuɗin wata bai shigo ba, na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai bara.

Don Allah duk wanda ake bi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa, kuma muna neman masu zagayen dare.