Wasiƙa daga Gwanzu ta ƙasar Chana: a rufa ɗakin Inna tukuna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyalinka da duk mutanen gida. Ni lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ɗan tarin da ka ji a waya ba wani abu ba ne, danshin garin nan ne, a irin wannan lokaci har bangon ɗaki zufa yake yi. Kada a kai wa Inna maganar.

Saƙo ya tafi ranar Talata ta hannun ɗan canjin nan na Wapa da ka sani, naira miliyan 2 da dubu 300. Na ce masa hannunka kaɗai, ba aike. Na kwano ne da katako da ladan kafinta, abin da ya saura kuma na maganin Inna. Ka je Ƙofar Ruwa da kanka, ka sa a kirga maka bandir ɗin a gabanka. Ina son a rufa ɗakin nan kafin ruwan farko.

Abin da ya sa na zauna rubutu maimakon saƙon murya shi ne maganar Auta. Mai ɗakina ce ta gaya mini, ita ma a gidan suna ta ji, wai yana yawo yana cewa ya zama mai hannun jari a Tesla, kamfanin motocin lantarki na Amurka. Wai wani ya sa shi a zauren WhatsApp, ya zuba dubu 150, kullum da safe riba na hawa a waya, har yana lallaɓar ka a ba shi kuɗin kwanon ya juya na kwana arba'in. Yaya, gaskiya ne? In gaskiya ne, don me ba kai ka fara gaya mini ba?

Wallahi ko sisi kada ya shiga hannunsa.

Ni a cikin motocin nan nake kwana nake tashi. A nan lambar motar lantarki kore ce, in ka tsaya a gadar Xiaobei ka leƙa ƙasa, koren ya cika titi. Tasin da nake kira ta waya in zan je duba kaya, yawanci Aion ce, a nan Gwanzu ake ƙera ta. Hedikwatar XPeng, wani kamfanin motocin lantarki, ma a garin nan take. BYD, babban kamfanin motocin lantarki na Chana, tana Shenzhen, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa mai gudu. Motocin suna da daɗi, ban musa ba, ba ƙara, ba warin mai, ga allo a gaba ya fi na kwamfuta girma. Amma daɗin na mai saye ne. Masu ƙerawa yankan juna suke yi da farashi, kowa na ragewa don ya kashe ɗan'uwansa. Ƙaramar motar BYD da ake kira Seagull a da yuwan 69,800 ce a kuɗin Chana, a watan Mayun 2025 suka yi rangwame har ta sauko 55,800. Wani direba da ya ɗauke ni kwanan baya, tun daga ƙofar kasuwa har masaukina yana nuna mini waya yana buga sitiyari. Da ɗan yaren da nake tsinta na gane bashi ya ci ya sayi motar, bai yi nisa da biya ba sabuwa ta koma ƙasa da abin da ake bin sa. Hatta Xiaomi masu waya sun shigo da tasu motar a 2024. Ga Amurka ta ɗora wa motocin Chana harajin kashi 100, Turai ma ta ƙara nata, to kayan da ba su fita ba a gida za a yi ta kokawa a kansu.

Ka tambayi Auta ko ya taɓa jin WM Motor, su ma masu ƙera motar lantarki ne a nan Chana. A 2023 suka durƙushe. HiPhi, masu motar alfarma, sun tsayar da aiki a farkon 2024, Jiyue suka bi su a ƙarshen shekarar. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Evergrande, kamfanin gine-gine ne ya buɗe reshen mota, ya kafa masana'anta a Nansha, nan kusa da mu. A farkon 2021 darajar reshen a kasuwar hannun jari ta wuce ta Ford, alhali bai sayar da mota ko ɗaya ba. Mutane masu ilimi da lauyoyi da manyan bankuna suka zuba kuɗi. A Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe uwar kamfanin. Waɗannan fa hannun jari na gaske ne, mai takarda, ba na wani yaro mai hoton mota a WhatsApp ba.

Na san abin da zai ce, zai ce ai akwai waɗanda suka ci. Akwai. Warren Buffett, attajirin Amurka, ya zuba kusan dala miliyan 230 a BYD a 2008, lokacin an fi sanin su da batir, kuma bai fara sayarwa ba sai 2022. Shekara 14 kenan, kuma ba kuɗin rufin ɗakin uwarsa ya sa ba. Ita Teslar da yake taƙama da ita, a 2022 kaɗai hannun jarinta ya zube da kusan kashi biyu cikin uku. Ta sake tashi daga baya, amma wa ya isa ya ce maka gobe ga inda za ta? A 2024 ta sayar da mota kusan miliyan 1.8, BYD ta wuce miliyan 4 in an haɗa da masu aiki da mai da batir. To abin da masu shi kansu ba su da tabbas a kai, wani ne zai ba Auta riba kullum da safe? Ya manta yadda MMM ta yi da mutane a 2016? Da farko ai biya ake yi. Ya gwada cire uwar kuɗinsa yau, ba ribar ba, uwar kuɗin, ya ga ko ba za a ce ya kawo mutum biyu ko ya biya kuɗin cirewa ba. In an ba shi, ya karɓa ya fita. In an hana, ya haƙura, kada ya ƙara ko kwabo da sunan ceto na farko. Kuma a ina ya samo dubu 150? Ka duba ko babur ɗin Baba yana nan.

Kada ka yi masa faɗa a gaban matarka ko yara. Ka ja shi zaure bayan isha'i. Yaron ba mugu ba ne, zaman banza ne, shekara nawa da gama karatu ba abin yi, kuma yana ganin hotunana yana zaton a nan kuɗi a ƙasa ake tsinta. Hoton da na aiko a gaban jar motar nan, a wurin baje koli ne, ba tawa ba ce, kowa ɗauka yake yi. Ɗakina da ka shimfiɗa sallaya ya cika. Amma ba kuka nake ba, Allah ya rufa asiri, 'yan kasuwar Kwari uku yanzu ba sa karɓar kaya sai na duba musu da idona, ɗaya ma ko rasit ba ya tambaya ta.

In da gaske lantarkin yake so, ga hanya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa a gida neman abin da ba ya shan fetur yake yi, kuma babur da keke masu batir za su yi ta shigowa. Wanda ya kawo su yana iya karyewa, sai dai duk wanda ya saya dole ya nemi mai gyara. Ya je wurin mai haɗa sola da inbata ya zauna wata shida, ya san batirin litiyam, ya san abin da zafin Kano ke yi masa. In maigidansa ya shaida mini da bakinsa, ni zan sako masa mita da kayan aiki a kwantenar bayan salla. Kayan aiki, ba tsabar kuɗi ba. Ka faɗa masa haka.

Ranar Juma'a a masallacin Sa'ad bin Abi Waƙƙas na ga wani dattijo da irin tafiyar Baba, har na bi shi da ido. Na san kai ka ɗauki komai, asibiti da zaman makoki da surutun dangi, ni kuɗi kawai nake turowa. Allah ya saka maka. Ka ce wa Inna ta yafe mini, ina nan tafe in takarduna sun daidaita, amma kada ka sa mata rana.

In ka karɓi saƙon ka kira ni, ko dare ne a nan. Ka turo hoton kwanon idan an sauke, da rasit ɗin magani. Goggo a ba ta dubu 20 daga ciki, a ce daga gare ni. Auta ko kuɗin mota kada ya karɓa daga kuɗin nan, in aike ne ka tura babban ɗanka.

A gaida Kawu da Malam da mutanen layi. A aiko mini da kuka da daddawa in an samu mai tahowa, waccan ta ƙare.

Ƙaninka,
daga Gwanzu