Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Game da Ɗora Taya a Kan Wili Mai Zobe

Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja, direbobi da iyayen gidansu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne domin mu sanar da ku ƙa'idar da shagonmu na nan Njamena zai riƙa bi wajen ɗora tayar daji a kan wili mai zobe, wanda masu ƙera shi suke kira bidlok. Masu kawo mana wannan aiki sun ƙaru, musamman masu Land Cruiser da Hilux da ke bin hanyar Musoro zuwa Faya ko ta Mawo da Bol, kuma da yawansu suna zuwa da tsammanin za a sallame su nan take kamar wanda ya kawo faci. Daga yanzu duk motar da aka kawo domin wannan aiki za ta wuni a wurinmu, za a ɗaure zoben da hannu, sannan mai ita zai dawo mana da ita bayan tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka domin a sake duba notuna, ba tare da ya ƙara biyan komai ba.

A wili na yau da kullum, iska ce kawai take danne bakin taya a jikin ƙarfe. Direban da ya shiga rairayin Jurab da ke hanyar Faya dole ya rage iska domin tayar ta baje ta daina nutsewa, amma da zarar ya sauko ƙasa da kilo 1, wato kusan 15 a ɗaya layin geji, shan kwana sau ɗaya da ƙarfi ya isa ya zame bakin tayar daga mazauninsa, iska ta fice gaba ɗaya. Wili mai zobe yana magance wannan ne ta hanyar matse bakin taya na waje tsakanin leɓen wili da wani zoben ƙarfe, wanda notuna 24 ko 32 suke riƙewa a yawancin waɗanda ake kawo mana. Da haka ana iya saukowa har rabin kilo a cikin yashi ko laka. Sai dai bakin taya na ciki, wanda ke fuskantar burki, har yanzu iska ce take riƙe shi a mafi yawan irin waɗannan wili, don haka shi ma yana iya zamewa idan aka wuce gona da iri.

Abin da ke cin lokaci shi ne ɗaurin. Muna fara wanke wili da bakin taya har sai ba ƙwayar yashi, domin ƙwaya kaɗan a ƙarƙashin zobe ta isa ta sa taya ta riƙa sacewa a hankali. Muna sa bawul tun kafin taya ta hau. Bakin ciki muna shafa masa ruwan sabulu mu tura shi ta fuskar wili, ba giris ba kuma ba baƙin mai ba, saboda mai yana lalata roba kuma yana sa taya ta riƙa juyawa a kan wili. Bakin waje kuwa sai an zaunar da shi daidai a kan matakinsa, an zagaya an tabbatar bai hau ta wani gefe ba, kafin a ɗora zobe. Kowane noti da yatsa ake fara shigar da shi, domin idan ya shiga a karkace a wilin alminiyam, haƙoran ramin sun tafi ke nan. Daga nan sai a ɗaure da sifana mai ma'auni, ana tsallakawa daga wannan noti zuwa kishiyarsa, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har zagaye uku ko huɗu, domin duk lokacin da aka matse wani gefe robar takan lotsa, notin da aka ɗaure ɗazu ya saki. Wanda ya lissafa notuna 32 a taya biyar har da safaya zai ga notuna 160 ne, kowanne kuma sai an koma masa sau da yawa.

Akwai masu roƙonmu mu sa bindigar iska ta ɗaure noti don a yi sauri, kuma ba za mu yi ba ko da za mu rasa cinikin. Waɗannan notuna ƙanana ne, ƙarfin da masu ƙera su suke rubutawa galibi bai kai Nm 30 a ma'aunin sifana ba, alhali notunan da ke riƙe wili a jikin mota sun haura 100. Bindiga takan miƙar da notin ba tare da ido ya gani ba, ko ta lanƙwasa zoben, sai an yi nisa a daji kan notin ya tsinke. Haka kuma kaurin bakin taya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma idan ya yi kauri da yawa zoben yakan karkata, notuna su riƙa ɗaukar nauyi ta gefe. Idan muka ga haka za mu gaya muku, ko a samo abin cika tsakani da mai ƙera wilin ya tanada, ko a canza taya.

Wajen ba da iska, muna amfani da doguwar tiyo, ma'aikaci ya tsaya daga gefe har bakin ciki ya zauna, kuma ba ma wuce adadin da mai ƙera wilin ya rubuta. Dabarar zuba fetur a cikin taya a ƙyasta ashana ba ta da wuri a shagonmu. Muna kuma duba lambar da ke jikin wili kafin komai, domin akwai wilin motocin soja mai inci 16.5 da ke shigowa kasuwar gwanjo, kuma tayar inci 16 tana iya fashewa a kansa tun ana cikin ba ta iska.

Babban roƙonmu ya shafi abin da zai faru bayan kun bar wurinmu. Idan taya ta yi faci a hanya, kada ku bari a taɓa ko noti ɗaya na zoben sai an cire ƙwayar bawul, iska ta fita ƙarƙaf. Mai facin bakin hanya ya saba da tsohon wilin Land Cruiser mai tsagaggen zobe da tub a ciki, wannan kuwa wani abu ne dabam, saboda haka direba ya tsaya a kansa ya yi masa bayani. Ku riƙa tafiya da sifana mai ma'auni da ragowar notuna masu irin ƙarfin na asali, ku duba ɗaurin kafin kowace doguwar tafiya, taya tana da sanyi. Idan noti ɗaya ya tsinke, maƙwabtansa sun riga sun wahala, gara a canza na wilin duka. Da zarar kun hau kwalta kuma ku mayar da iska yadda take, domin taya mai rabin kilo a zafin watan Afrilu ba za ta yi nisa ba kafin gefenta ya ƙone daga ciki.

A ganinmu ba kowace mota ce take buƙatar wannan wili ba. Ya fi na yau da kullum nauyi, daidaita shi don kada sitiyari ya yi rawa yana da wuya, kuma kamfanoni da dama suna rubuta cewa na daji ne kawai. Wanda aikinsa bai wuce kwaltar Njamena zuwa Mundu ko Abeshe ba, ya fi masa alheri ya sa kuɗinsa a taya mai kyau da geji da famfon iska. Akwai kuma wilin da aka yi wa notunan ado a gefe alhali ba ya matse komai, kuma wanda yake shirin saye yana iya kawo mana guda ɗaya mu duba masa kafin ya biya.

Masu son a yi musu aikin su kawo mota da sassafe, tare da takardar da ta zo da wilin idan tana nan, domin a cikinta ne ake rubuta ƙarfin ɗauri da iyakar iska. Ranar Juma'a ba ma karɓar wannan aiki, saboda muna rufewa kafin masallaci.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a sana'ar kowa.

Naku,
Mai shago da ma'aikatansa