Katin Banki a Lokacin Yaƙi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tuna wa masu karatu abin da ya faru da bankuna lokacin da Rasha ta afka wa Ukraine a 2022.

Tun kafin tankokin yaƙi su ƙetare iyaka, a ranar 15 ga Fabrairu, masu kutse suka cika shafukan intanet na bankunan Ukraine biyu, PrivatBank da Oschadbank, da cunkoson bogi har manhajojinsu suka tsaya cak. Wasu 'yan Ukraine kuma suka samu saƙon ƙarya a waya cewa injinan ATM sun daina aiki, don dai a tayar da hankali.

A watan Maris aka cire wasu bankunan Rasha daga tsarin SWIFT, wato hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙonnin tura kuɗi, kamfanonin katin Visa da Mastercard kuma suka janye daga ƙasar. Ɗan Rasha da ke ƙasar waje ya wayi gari katinsa ya zama roba kawai. Amma a cikin gida ciniki bai tsaya ba, domin tun takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa Rasha a 2014 Rashawa suka gina nasu tsarin biyan kuɗi, suka fito da katin Mir a 2015. Wuya ce ta koya musu.

Mu ma Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da namu katin na cikin gida, AfriGo, a Janairun 2023. Na tambayi mai POS ɗin unguwarmu, sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai taɓa riƙe shi ba. Shin bankunanmu na ba da shi kuwa?

Naku,
Mai karatu daga Kano