Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na rubuto wannan wasiƙa ne a fili inda kowa zai gani, domin godiyar da na yi muku da baki ba ta ishe ni ba. Wataƙila ma kun manta da ni, tunda masu zuwa wurinku da yawa suke. Ni ce matar da ta shigo muku da safiyar wata Litinin cikin hunturu, ɗauke da kwalin taliya da aka huhhuda, autata tana biye da ni tana share hawaye da bakin hijabinta. A cikin kwalin akwai 'yar kyanwa mai launin toka, kwance, ko kuka ba ta iya yi. Auta ce ta raɗa mata suna Hazo, saboda launinta da kuma lokacin da ta zo mana.

A Samaru aka haife ni, a nan na yi aure, amma ban taɓa taka asibitinku ba sai ranar. A zatona wurin na masu shanu ne da dawaki da manyan karnuka, irin mutanen da ke hulɗa da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika. Da na ce zan kai kyanwa asibiti, akwai maƙwabciyar da ta riƙe haɓa, ta ce mutane ma ba su gama samun magani ba. Ban ga laifinta ba, haka muka taso muna gani. Shi ya sa na shigo muku ina ɗari-ɗari, ina jiran a yi mini kallon wadda ba ta da aikin yi. Ba wanda ya yi mini shi. Bawan Allahn da ke bakin ƙofa ya nuna mana sashen ƙananan dabbobi, aka buɗe wa Hazo kati, aka tambayi sunanta aka rubuta, kamar yadda ake yi wa kowane majiyyaci. Tun daga nan Auta ta daina kuka.

Uwar Hazo kyanwar maƙwabtanmu ce. Ta ci ɓeran da ya ci guba a ɗakin ajiyar hatsi, ta mutu ta bar 'ya'ya uku, muka karɓi ɗaya. Kwana huɗun farko a ƙarƙashin gado ta yi su, sai dare ya raba take fitowa. Mu kuma muka yi mata abin da muka sani na alheri. Muka dama madarar gari muka zuba mata a murfin kwano safe da yamma, muka cuɗa mata tuwo da miya. Ba ta yi mako ba sai gudawa ta kama ta, ta rame, gashinta ya tashi, cikinta ya kumbura. Daren Lahadi na taɓa jikinta na ji zafi, har na ɗauko kwalbar farasitamol ɗin yara zan ɗiga mata. Maigida ne ya ce in dakata, gobe a kai ta wurin masu abin. Allah ya saka masa da alheri.

Likitar da ta duba ta mace ce, tare da ɗalibai biyu masu fararen riguna. Ta buɗe bakinta ta dubi haƙora, ta ce ba ta wuce mako 7 ba. Aka ɗora ta a sikeli, giram 500. Likita ta ce ana haihuwar 'yar kyanwa da nauyin kamar giram 100, kuma takan ƙara kusan haka kowane mako, don haka tamu tana baya sosai. Sai ta tambaye ni, "Hajiya, kin ba ta wani magani a gida?" Na faɗa mata gaskiya, na ce saura kaɗan in ba ta farasitamol. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce in gode wa Allah da ban ba ta ba, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar tamu, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe babbar kyanwa, balle wannan. Zafin da na ji kuwa, ta ce jikin kyanwa mai lafiya ma yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara na mutum, don haka hannu ba ya gane zazzaɓinta. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma sassauta maganar ba. Har yau in na buɗe akwatin magani na ga kwalbar nan sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ta yi da mu a kan abinci, alhali akwai masu jira a waje. Duk rayuwata na san kyanwa da madara. Ashe da zarar an yaye ta, cikinta yakan rage iya narkar da sukarin da ke cikin nonon saniya, shi ne yake sa ta gudawa. Tuwo kuma cika ciki kawai yake yi. Kyanwa maciyar nama ce tun asali, ba kamar kare ba da zai rayu a kan ragowar abincin gida. Akwai wani sinadari mai suna taurin da ake samu a nama da kifi, wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshensa da kansa, kuma rashinsa yana lalata mata ido da zuciya. Miyar da nake cuɗa mata ita ce ta fi muni, saboda albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ko dafaffe. To wace miya ce a gidan Bahaushe babu albasa?

Na ce mata, "Likita, ni fa ba ni da halin sayen abincin gwangwani kullum." Ban manta yadda ta amsa ba. Ba ta nuna mini abin da ya fi ƙarfina ba, sai ta tambaye ni me muke saya a kasuwar Samaru. Muka zauna muka tsara da abin da ke akwai. Kifi a dafa shi da ruwa zalla, ba gishiri ba dunƙule, a zare ƙaya tsaf. Naman kaza ko ƙundu da zuciya, a dafa a daddatsa ƙanana. Dafaffen ƙwai jefi-jefi. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako, don yawanta ma cuta ne. Ƙashin kaza dafaffe kuwa ta hana sam, ta ce yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa nama zalla ba ya wadatar da ƙashin mai girma, saboda haka in na samu hali in riƙa haɗawa da busasshen abincin 'yan kyanwa na leda, ko da rabi da rabi ne. Sau huɗu a rana, kaɗan-kaɗan, saboda cikin ƙarami ne. Na bi wannan tsari ban kauce ba.

Maganar ruwa ma sabuwa ce a wurina. Ta ce kakannin kyanwar gida daga busassun ƙasashe suka fito, shi ya sa ba ta cika jin ƙishirwa ba, sai an jawo hankalinta. In sa kwano mai faɗi, in sauya ruwan kullum, in kuma nisanta shi da wurin da take kashi. Da na raba su, sai ga ta tana sha.

Ɗaya daga cikin ɗaliban, wani saurayi mai natsuwa da ya yi ta kira na Mama, shi ya taje gashinta a kan farar takarda. Wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo kamar garin barkono. Ya ɗiga musu ruwa, suka koma ja. Ya ce wa Auta, "Kin gani? Kashin ƙuma ne, jinin kyanwarki ne suka sha." Ya yi mata bayanin cewa ƙuma tana jawo tsutsar ciki, sannan ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu fesa mata fiya-fiya ko mu shafa mata maganin ƙumar kare, domin akwai irinsa da ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Aka ba wa Hazo maganin tsutsa daidai nauyinta, aka rubuta mana ranar maimaitawa bayan mako biyu. Ɗana, in ka ga wannan wasiƙa, ka sani Auta ta ce ita ma likitar dabbobi za ta zama, kuma kai ne sila.

Zuwanmu na biyu da na uku duk tambayoyin hali na kawo, kuma ba a gaji da ni ba. Hazo tana samun sauƙi sai ta zama wata daban. Rana duk barci, da ma an ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai, amma da an kira assalatu sai ta hau zagaye ɗaki a guje, haka ma gab da magariba. Na ɗauka wani abu ne ya same ta. Likita ta ce lafiyarta ƙalau, kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma asuba da faɗuwar rana su ne lokacin farautarta. Ta ce a yi mata wasa sosai kafin a kwanta, sannan a ba ta abinci, za ta bar mu mu yi barci. Haka kuwa aka yi. Kujerar falo da ta soma yaga, aka ce kada mu dake ta, karce-karce ɗabi'arta ce, da shi take gyara farce take kuma barin alamarta. Maigida ya naɗe wani guntun katako da igiya ya kafa kusa da kujerar, cikin 'yan kwanaki ta koma kansa. Auta kuma aka hana ta wasa da ita da yatsu, aka ce ta ɗaura tsumma a zare, don kada ta saba da cizon hannu. Da ma ni kyanwar Lami nake fata, ba cizo ba yakushi, kuma a hankali muna kusantar hakan.

Wurin kashi bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Baho muka cika da yashi muka ajiye a lungu, muka ɗora ta a kai bayan ta ci abinci, ta tona ta yi ta binne da kanta. Amma da na ambata cewa babbar 'yata tana da ciki kuma za ta zo wankan gida, nan take likita ta tsayar da ni. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa wadda ke iya cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki kada ta kwashe yashin, wani ya riƙa kwashewa kullum ba tare da ya kwana ba, a kuma wanke hannu da sabulu. Ta ƙara da cewa wannan ba dalilin korar kyanwa ba ne. Ban tambaye ta wannan ba, ita ta kama zancen daga bakina. Irin wannan kula ce ta sa na ɗauki alƙalami.

An yi wa Hazo alluran rigakafinta, da ta cika wata uku kuma aka yi mata ta ciwon haukan kare. Sunan ya ruɗe ni, na ce ai ba kare ba ce. Aka fahimtar da ni cewa kyanwa ma tana kamuwa kuma tana iya sa wa mutum, cutar da in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi. Aka ce duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Na gaya wa matan layinmu wannan, har da masu yaran da ke bin karnuka da jifa.

Akwai maganar da ban yanke ba tukuna, ta aikin hana ta haihuwa. Likita ta bayyana mini cewa tun tana wata huɗu ko biyar za ta iya ɗaukar ciki, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, ga kuma muzurai da za su dame mu da kuka a kan katanga. Ta faɗi amfanin aikin, ta faɗi abin da ya ƙunsa, ta bar ni in yi shawara da maigida in kuma tambayi malamai. Na ji daɗin da ba ta matsa mini ba.

Tun muna makarantar allo muka ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mun ji yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Mun san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Niyyar kyautatawa muna da ita tun can. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake kyautatawar, har na kusa kashe 'yar marainiyar nan da hannuna ina ganin jinya nake yi. A wurinku na koyi wannan.

Yanzu Hazo tana wata huɗu, nauyinta ya kusa kilo 2, gashinta ya kwanta yana sheƙi. Ta soma zubar da haƙoran yarinta, Auta ta tsinci ɗaya a kan tabarma ta ƙulle a takarda. In na zauna lazimi bayan sallar asuba sai ta zo ta goga kumatunta a gwiwata, ta kwanta a gefen sallaya tana wannan ƙugi nata na maƙogwaro, wanda kakata ke cewa tasbihi ne. Maƙwabciyar tawa da ta riƙe haɓa ita ce ta karɓi ɗaya daga cikin 'yan'uwan Hazo, kuma ta ce in zan koma in biya mata mu tafi tare.

Allah ya saka muku da alheri, likitoci da ɗalibai da masu shara da masu gadi. Allah ya sa albarka a aikinku da zuri'arku, ya ba ɗalibanku sa'ar jarrabawa. Muna nan tafe ranar da kuka rubuta mana a kati, da kwali biyu in Allah ya so.

Taku,
Wata uwa daga Samaru, Zariya.