A Buɗe Mana Filin Nazarin Sababbin Kundayen Waƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan shafinku na nishaɗi, wanda nake bibiya kowane mako amma ban taɓa ganin an ɗauki sabon kundin waƙoƙi guda an saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, sannan an faɗa wa mai karatu abin da ya ƙunsa ba.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wani ɗan wana da ke karatu a Damagaram, wanda ya zo hutu ya kunna mini kiɗan jita na Mdou Moctar, Buzun nan na Jamhuriyar Nijar. A bakinsa na fara jin cewa kamfanin Matador na birnin New York, wanda ya yi suna wajen fitar da kiɗan rok na mawaƙa masu cin gashin kansu, shi ya fitar masa da kundi a 2021, ya sake fitar da wani a 2024. Haka ma Bombino na Agadas, wanda sunansa ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy a 2019. Daga Daura zuwa iyakar Kongolam tafiyar 'yan mintuna ce, amma sai da masu sharhi a Amurka da Ingila suka gama yabon waɗannan maƙwabta namu kafin labarinsu ya iso kunnena, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na san yadda waƙa ke zuwa mana a nan. A bakin tasha akwai yaro mai tura waƙoƙi, da kwamfutarsa a kan benci da ƙaramin janareta a gefe. Kana miƙa masa waya ko memori, sai ya cika maka da ɗaruruwan waƙoƙi a cakuɗe, wasu babu sunan mawaƙi, babu shekara, sai lamba kawai. Ba na ganin laifinsa, domin abinci yake nema. Sai dai ta wannan hanya kundi yana wargajewa, alhali mawaƙin ya yi watanni yana tunanin wace waƙa za ta buɗe, wace za ta rufe. Matasanmu masu gambarar zamani, wato hip-hop, su ma suna fitar da kundaye da Hausa tsantsa, wasu cike da azanci, wasu kuwa zagi da taƙama ne kawai, kuma babu mai rarrabe musu tsaki da tsakuwa a rubuce. A Amurka, inda wannan salo ya samo asali a unguwar Bronx a 1973, nazari ya kai har an ba Kendrick Lamar kyautar Pulitzer a 2018 saboda kundi guda.

Wanda ya fi damuna shi ne makaɗin gargajiya. Muna jin muryar Alhaji Mamman Shata har yau, shekaru bayan rasuwarsa a 1999, saboda an naɗe ta a faifai da kaset. A unguwarmu kuwa an yi wani tsoho mai gurmi, wanda idan ya durƙusa a gidan biki ya kafa ƙoƙon a ƙirji, har dattawa sukan bar hira su juyo. Ya rasu bara, kuma abin da ya rage nasa bidiyon minti biyu ne a wayar jikansa, rabinsa hayaniyar yara.

Don haka nake roƙon a ware shafi ko da sau ɗaya a wata, a ɗauki kundi ɗaya na gida da ɗaya na waje, a faɗi wanda ya yi shi, da inda aka naɗa, da kayan kiɗan da ke ciki. In kuma wakilinku zai zo Daura lokacin Sallar Gani da na'urar naɗar murya, zan raka shi gidajen masu garaya da kukuma da suka rage.

Naku mai karatu,
wani malamin makaranta daga Daura, Jihar Katsina.